Gaisuwar Tsoho a Gidan Ɗanliti

Duk wanda ya tashi a unguwar Gobarau ya san gidan Ɗanliti, ya kuma san akwai wani ɗaki a ƙuryar gidan da ba a nuna shi da yatsa. Gidan ƙasa ne tun na kakanni. An shafa masa siminti ta gaba saboda idon baƙi, amma can ciki katangun na nan da kaurinsu, ga sanyi kamar cikin randa. Asalin mutanen gidan dukawa ne, masu aikin fata. Yanzu kuwa sai malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati, kowa da takardunsa, kowa da bakin wa'azi in an zauna a zaure. Amma ka ce wa ɗayansu ya je ya leƙa ɗakin nan, sai ka ga babban mutum ya soma kallon takalminsa.

Abin da ke cikin ɗakin, in ji su, kan gida ne, wato halittar da zuriya ke gada tana tsaron gidan. Nasu maciji ne, sai dai ba mai kiran sa da wannan suna. Tsoho suke ce masa. An ce shi da kakansu na farko suka yi alkawari: ba zai taɓa jinin gidan ba, su kuma duk ɗan da aka haifa sai an kawo masa ya gani. Idan mai jego ta dawo daga wankan gida bayan arba'in, sai a kwantar da jaririn shi kaɗai a tsakar ɗakin, a ajiye ƙwaryar madara kusa da shi, a ja ƙofa a kulle tun daga bayan azahar har kiran la'asar. In an buɗe aka tarar da ƙwarya wayam, yaro lafiya, to Tsoho ya zo ya shaida cewa jinin gida ne. Tunda ake yi ba a taɓa tarar da madara ba, ba a kuma taɓa tarar da yaro da ko ƙwarzane ba. Saboda haka duk matar da ta ce ba za a kai nata ba, ta faɗa wa duniya ke nan ɗan ba na gidan ba ne.

Rahama ta ji labarin nan tana amarya, ta yi dariya har da riƙe ciki. Dariyar ta ƙare ranar da ta dawo daga gidan iyayenta a Ƙofar Sauri da ɗanta na fari, Mudassir, goye a baya.

Ɗakin da ta fara shiga na Inna Kubura ne, kakar mijinta. Inna ita ke riƙe da makullin ɗakin Tsoho tun kafin a haifi uban mijin, har ranar da hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Tun daga nan ba a sake haihuwa a gidan ba sai yanzu. Rahama na son tsohuwar nan. Duk tsawon goyon cikinta ita ke ba ta kunu a baki, tana yi mata hira, tsohuwa na amsawa da ido.

Ta kwance yaron ta ɗora mata a cinya. Inna ta shafa kansa da hannunta mai lafiya, hawaye na bin gefen fuskarta. Ana cikin haka Gwaggo Safara'u ta ɗaga labule. Ita ce ƙanwar uban mijin Rahama, bazawara ce da ta dawo gida, kuma hannunta makullin ya koma. Mace ce mai kirki a irin nata kirkin, sai dai in ta yarda da abu, ko da taron malamai ba ka raba ta da shi.

"Barka da arziki, Rahamatu. Kin dawo lahiya? Ina su Hajiya? To madalla. Gobe in Allah ya kai mu, bayan azahar, sai a kai wanga yaro shi gaida Tsoho."

Wani irin gurnani ya fito daga bakin Inna. Ta damƙi zanen jaririn, idanunta suka firfito, tana girgiza kai iya yadda wuyanta ya yarda.

"Kin ga murna," in ji Gwaggo. "Allah sarki Inna. Ita dai rowa ta riƙa yi ma Tsoho, Allah shi ba ta lahiya. Sai ranar da anka yi haihuwa za shi ga madara. Ni ko tunda makulli yaz zo hannuna ban bar shi da yunwa ba. Madara, gumba, ƙwan kajina, kullum. Da fari ɓeraye sunka dame ni, suna cinye mashi abinci. Yanzu ko nemo mani ɓera guda gidan ga in gani."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani abu a naɗe, ta warware shi a hankali, da ladabi. Saɓar maciji ce. Gwaggo ta buɗe hannuwanta iyakar buɗewa, saɓar ba ta ƙare ba, jelarta na jan ƙasa.

"Duk daɗewar Inna da ɗakin ga, ta taɓa ganin rigarshi? Ni yab bar ma."

 Rahama ta ɗauke ɗanta daga cinyar Inna, sai da ta ɓamɓare yatsun tsohuwar daga zanen.

Da safe ta tare mijinta, Zubair, yana ɗaura agogo. Malamin lissafi ne a wata sakandare, mutum mai sanyin hali, wanda in rigima ta taso ya fi son ya jira ta gaji da kanta.

"Na ga saɓa da idona," ta ce masa. "Sabuwa ce. Akwai abu cikin ɗakin nan."

"Camfi ne, Rahama, ni ma na sani. Saɓa kuwa ko a bakin kwata kina tsinta. Gwaggo ce ba ki sani ba?"

"To in camfi ne mi za a kai shi yi?"

Ya zauna a bakin gado yana murza goshi. "Ni an kwantar da ni can. An kwantar da babana, an kwantar da yayyena da ɗiyansu duka. Ga mu nan kina ganin mu. In nac ce ban da nawa, kin san abin da za a hwaɗi. Ba ni za a zaga ba, ke za a zaga. Shi ko har shi girma ana yi mashi kallon gefe. Azahar zuwa la'asar ne fa kawai. Ki daure."

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Ta san matan unguwar, ta san yadda magana ke tashi daga bakin famfo ta kwana a gidan suna. Ta yi tunanin ta goya ɗanta ta koma Ƙofar Sauri, sai ta hango fuskar mahaifinta idan aka ce masa 'yarsa ta gudu da jariri don kada a gwada shi. Ta rasa inda za ta sa kanta, ga tsoro na cin ta kamar yunwa.

Bazara ce, rana ta take tsaka, ko kaji sun shige ƙarƙashin rumfa sun saki fukafukai. Ana sallame azahar matan gidan suka taru a tsakar gida. Gwaggo ta fito da farin ƙyalle da ƙwaryar madara. Rahama ta shayar da yaron har ya yi barci, tana fata barcin ya kai shi la'asar. Da Gwaggo ta miƙo hannu, nata hannuwan suka ƙi saki.

"Gwaggo, ko a bar ni in zauna bakin ƙofa daga ciki? Ba zan yi motsi ba."

Matan suka kwashe da dariya. "Ke, ɗan fari ne fa!" in ji wata. "Ina kunya? Mu a zamaninmu ko kallon shi ba mu yi gaban mutane."

"Baƙo ba shi shiga," in ji Gwaggo, ba da faɗa ba. "Ke ba jinin gida ba ce, ɗiyata. Kawo shi."

Ta ba da shi. Ta tsaya tana kallo aka buɗe tsohon ƙyauren, duhu ya haɗiye Gwaggo da farin ƙyalle, jim kaɗan ta fito hannu wofi ta datse kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zani. Zubair na zaure tare da maza, bai ma shigo ba.

Ɗakin Inna ne ya haɗa bango da ɗakin Tsoho, don haka can Rahama ta nufa, ko ta ji motsin ɗanta ta jikin katanga. Tana ɗaga labule gabanta ya faɗi. Gadon ƙarfen ba kowa. Inna na ƙasa, rub da ciki. Matar da ko juyi sai an juya ta, ga ta ta faɗo daga gado tana jan jiki da gwiwar hannu ɗaya, goshinta ya fashe, ta nufi wata tsohuwar adaka da ke jingine da bango, wadda aka jera kwalla da langa a kanta.

"Inna! Subhanallahi, mi ya faru?"

Ta durƙusa za ta ɗaga ta, tsohuwar ta ture ta. Ta buga adakar da tafin hannu, ta sake bugawa. Sannan ta nuna bangon, ta nuna ƙirjinta, ta lanƙwasa hannun kamar mai rungume da jariri tana jijjigawa. Ta kai hannun baki kamar mai kurɓar abu a ƙwarya. Bakinta na ta fama, miyau na zuba, jijiyoyin wuyanta sun tashi, har dai kalma ta fito a murɗe.

"Ni... ce."



"Ni... ce. Ba... kowa."

Rahama ba ta tsaya sauke jeren ba, ta sa kafaɗa ta ture adakar, kwalla da langa suka zube. A bayanta akwai tsohuwar tabarma rataye. Ta fizge ta, sai ga wata 'yar ƙofa a gindin bango, iya wadda mutum zai shiga da rarrafe. Dokin ƙofar ya yi sumul, ya lotsa a wuri biyu, daidai inda gwiwoyi ke sauka.

A nan ta gane komai, kuma ganewar ta fi rashin sanin tsoro. Ba a taɓa barin ɗan kowa shi kaɗai a ɗakin nan ba. Ana kulle ƙofa ta gaba, mai riƙe da makulli ta zagayo ta nan, ta zauna da jaririn, ta shanye madarar, ta fice kafin la'asar. Shi ya sa kowane yaro ke cin jarrabawar. Wata tsohuwa ce can da, wadda ba wanda ya san sunanta yanzu, ta samo hanyar rufe bakin masu zargin matan gidan, ta bar wa ta bayanta, ita ma ta bar wa ta bayanta. Inna ce ciwo ya riga ta kafin ta faɗa wa kowa. Gwaggo ta gaji makulli ba ta gaji sirrin ba, ta ɗauki labarin da gaske, ta yi ta zuba abinci a ɗaki mai duhu da sanyi har ɓeraye suka tare. Abin da ke cin ɓeraye kuma ya biyo su.

Ta so ta yi ihu a kawo makulli, amma ta san kafin a gama gardama da Gwaggo an daɗe, kuma bugun ƙyaure na iya firgita abin da ke ciki. Ta tura 'yar ƙofar ta sa kai.

Wata busasshiyar fatar saniya ce ta tare ta, wadda ke rataye a bangon ta ciki tana ɓoye ramin. Ta ɗaga gefenta a hankali. Ɗakin na warin tsamin madara da ruɓaɓɓen ƙwai, da wani ƙarni da ba ta san irinsa ba. Haske ɗaya ne, daga wata 'yar taga can sama kusa da azara. Daf da ita ga wata 'yar kujerar mata, ƙura ta rufe ta. Da idonta ya saba da duhun ta hango farin ƙyallen a kan tabarma, tsakiyar ɗaki. Ta hango ƙwaryar. Tsakanin ƙwaryar da ƙafafun ɗanta kuma akwai wani abu baƙi, mai ƙyalli, a kwance kamar igiyar guga da aka yar.

Kumurci ne. Ta taɓa ganin wanda aka kashe a gonar kawunta a Batagarawa, amma wancan ɗa ne a kan wannan.

 Ta ji fitsari na neman kuɓuce mata. Duk addu'ar da ta iya ta gudu daga kanta, sai sunan Allah kawai take maimaitawa a zuci. Macijin bai motsa ba. Ta ce a ranta in yaron ya ci gaba da barci, za ta ja jiki a hankali ta kamo bakin tabarmar ta jawo shi. Ta ciro gwiwa ɗaya, ta ciro ta biyu. Ɓawon ƙwai ya fashe a ƙarƙashin tafin hannunta.

Mudassir ya yi miƙa. Ƙafarsa ta fito daga ƙyallen ta shura iska, ta sake shurawa, diddigensa ya sauka a jikin abin.

Kan ya tashi. Ya yi ta tashi har ya kai tsayin yaro mai tatata, wuyan ya baje, wani huci ya cika ɗakin. Yana fuskantar jaririn.

Rahama ba ta yi shawara da kowa ba, har da kanta. Ta buga tafin hannu a ƙasa da ƙarfi ta ce, "Kai! Ga ni nan!"

Ya juyo. Abin da ta gani na ƙarshe ke nan, bakin nan a buɗe. Wani ruwa ya feso mata a fuska, idanunta suka kama da wuta kamar an watsa mata dakakken barkono. Ta kurma ihu, amma ba ta ja da baya ba. Ta faɗa gaba a makance inda ta san farin ƙyallen yake, ta kifa a kansa, ta tattaro shi cikin ƙirjinta. Wani abu ya doke ta a damtsen hagu, sau ɗaya, kamar an caka mata ƙusa mai zafi. Ta ja da baya da gwiwoyi, tana laluben bango da ƙafa, har diddigenta ya taɓa fatar saniyar. Ta tura jikinta cikin ramin da baya, ta faɗo ɗakin Inna a kan kwanonin da suka zube, ta sa ƙafa ta danne 'yar ƙofar.

Ɗakin ya cika da mutane, tana jin su ba ta ganin su. Salati, kuka, ƙarar langa a ƙarƙashin ƙafafu. Abu ɗaya ne ba ta ji ba, shi ne muryar ɗanta. Yana ƙirjinta shiru.

"Ku duba shi! Don Allah ku duba mani shi! Ya sare shi?"

 Kowa na kallon ramin da ke bango. Sai ta ji wani hannu busasshe ya shigo tsakanin ƙirjinta da yaron. Hannun Inna ne. Ya warware ƙyallen, ya bi kai, ya bi wuya, ya bi ciki da cinyoyi har tafin ƙafa, a hankali, yana tsayawa yana komawa. Rahama ta daina numfashi tana jira. Sannan yatsun suka ɗan mintsini yaron a cinya, ya ja iska ya tsala kuka, lafiyayyen kuka na wanda aka tasa daga barci. Inna ta bubbuga hannun Rahama sau biyu. Ba a taɓa shi ba.

Wata ta kawo buta tana kwarara mata ruwa a ido. Damtsenta ya soma kumbura, zafin na hawa kafaɗa, yatsunta na yin nauyi. Tana cikin wannan ta ji muryar Gwaggo a kanta, tana kuka, kukan gaske.

"Kun gani? Kun gani da idonku? Bai taɓa jininshi ba, baƙuwar yas sara! Wayyo ɗiyar nan, mi kika jawo mamu? Kin shiga mashi ɗaki, kin ɗauke yaro ba a kira la'asar ba. Ku kawo shi a maida, a cika alkawari, tun bai huce a kan gidan ga duka ba!"

Wasu muryoyi suka ce haka ne, a maida shi. Wasu suka ce a'a, a dai tsaya. Inna na ta gurnani ba mai sauraren ta. Rahama ta ji hannuwa a kan ɗanta, ba ta san ko na wa ba ne, suna ja a hankali, da lallashi, kamar yadda ake zare abu daga hannun mai barci. Ta ƙanƙame shi da hannun dama. Na hagun ya riga ya daina jin maganarta.

"Ku ba ni wuri!" Muryar Zubair ce, yana haki. Ta ji ya durƙusa a gabanta, ta ji ƙamshin turarensa. Waɗancan hannuwan suka janye, nasa suka maye gurbinsu. "Rahama, ni ne. Sako shi, an kira mai keke napep, yana ƙofar gida. Sako mani shi."

"Ina za ka kai shi?"

Bai amsa nan take ba. Shirun bai fi na haɗiyar miyau ba, kuma a cikinsa ta ji Gwaggo na kiran sunansa ƙasa-ƙasa, tana haɗa shi da girman ubansa.

"Asibiti," in ji shi. "Tare da ke."

Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amma ta ji shirun, kuma ba ta da idon da za ta duba fuskarsa.

"To ɗauke mu tare."

"Rahama, hannunki..."

"Tare."

Haka aka fito da su ta tsakar gida, ta zaure, har bakin titi, mutanen unguwa na tsaye suna kallo. Zubair na ɗauke da matarsa, idanunta a kumbure a rufe, hannunta ɗaya na lilo. Ɗayan na rungume da yaron, kuma da ta ji wannan hannun ma ya fara saki, sai ta sunkuyar da kai ta kama ƙyallen ɗanta da haƙora ta datse.